Ƙafar Rumbu

'Yata ta sayi rumbu a cikin kwamfuta, rumbun ba shi da ƙafa.

Ranar Lahadi ta nuna mini, bayan mun sauko daga sujada a coci. Ina zaune a bakin ƙofa ina wasa wuƙar da nake tsaga citta da ita. Aikina ke nan a Kafanchan tun da muka baro ƙauye: in tsaga citta, in shanya, in ɗura a buhu, in ɗora wa mota. Ban yi makaranta ba. Baƙaƙen da na sani, a ajin manya na coci na koye su don in karanta Littafi Mai Tsarki da kaina. Ita kuwa ta yi karatu. Tana koyar da kwamfuta a wata makarantar sakandare. Mu biyu ne kawai.

Ta ce, "Baba, zo ka ga garinmu."

Na ce, "Garinmu toka ne."

"Ka zo dai."

Sai da ta yi mini bayani sau biyu na gane. Su wajen goma ne, samari da 'yan mata, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba sai a waya. Akwai na Zonkwa, akwai na Sabon Tasha, akwai wanda ke ƙasar waje. Sun ƙirƙiri wata duniya can bayan taurari, mai rana biyu. A labarinsu, mutane sun bar wannan duniyar cikin manyan jirage sun je sun zauna a can. Kowa yana rubuta nasa labarin, amma ƙasar ɗaya ce, kamar gona ɗaya da kowa ke da kunyarsa. 'Yata ce mai yi musu hotuna. Ba da hannu take zanawa ba. Akwai kasuwa a intanet inda ake sayar da abin da suke kira modal. Wani ne ya riga ya ƙera siffar abu a kwamfuta, jirgi ko itace ko akuya. Ka saya, ka juya shi ta kowane gefe, ka ajiye inda kake so, ka haska masa rana, ka ɗauki hoto.

Suna da doka ɗaya mai ƙarfi. Hoton da guruf ɗinsu ya amince da shi, ya zama gaskiyar waccan duniyar, ba a sake shi. Duk wanda zai yi labari ko hoto bayan nan sai ya bi. Asabar mai zuwa za su amince da wannan hoton nata, hoton ƙauyen mutanenmu a can.

Na duba. Sama ja-ja kamar zoɓon da aka tsarma. Rana biyu, babba da ƙarama. Jirgin da ya kai su yana kwance bayan dutse, kamar tankin jirgin ƙasa da aka manta da shi. Ɗakuna masu jinka. Kaji suna kiwo. Sai rumbuna uku, sun zauna daɓas a ƙasa, kowanne da 'yar ƙofa a gefe kamar ɗakin kare.

Na ce, "Wannan fa?"

"Rumbu."

"Wa ya gina?"

"Wani ne a wata ƙasa, ban san shi ba. Na yi kwana uku ina nema, shi ne ya fi kama da namu."

"Bai taɓa ajiye hatsi ba."

Ta yi dariya. Na koma kan wuƙata.

Akwai abin da ban taɓa gaya mata ba. Tana da shekara biyu da 'yan watanni lokacin da aka kawo hari garinmu. Da rana tsaka ne. Ina gona, a hayin rafi. Uwarta ta tura ta ƙarƙashin rumbu, inda kaji ke kwana, ta toshe bakin da fasasshiyar tukunya, ta ruga wani gefe don a bi ta. An bi ta. Da na iso, wuta ta kwanta. Na sami gawar matata a bayan danga. Jinkar rumbun ta ƙone, dawa na hayaƙi a ciki, amma yana tsaye a kan duwatsunsa. Na ji motsi a ƙasa, na ɗauka kaza ce. Na jawo yarinyar ta ƙafa, duk jikinta kashin kaji.

Abin da na gaya mata da ta girma shi ne, ran nan tana Madakiya wurin goggonta. Ta yarda. Sama da shekara ashirin na riƙe wannan ƙaryar, ba ta taɓa yi mini nauyi ba sai ranar da na ga rumbun da yaro ba shi da inda zai shiga, ana shirin kiransa namu har abada.

Mai gidan da muke haya tsohon direban jirgin ƙasa ne, Ibo, ubansa ya zo Kafanchan tun ana zuba gawayi a inji. Shi ya karɓe mu ranar da na iso da yarinya a kafaɗa, ba takalmi. Matarsa ce ta wanke ta. Ya san komai. Ina ce masa Direba, yana ce mini Ɗan Citta.

Litinin da yamma 'yata ta nuna masa hoton. Ya sa tabarau, ya kusanto da hanci kamar zai sunsuna.

Ya ce, "Wannan jirgi ba shi da birki. Ina direba zai zauna?"

Ta ce, "Papa, shi ke tuƙa kansa."

"Shi ya sa ya faɗi bayan dutse."

Da ta shiga ciki, ya zauna kusa da ni a benci. Ya ce, "Ɗan Citta, tun jiya fuskarka kamar tuwon da ya kwana. Rumbu ne?"

Na ce, "Ba shi da ƙafa."

"Na gani. Ni ba manomi ba ne, amma na gani." Ya cire tabarau. Hausarsa ba ta raba mace da namiji. "Ka gaya masa. Yarinyan nan ya girma. Yana koyar da 'ya'yan mutane."

"In gaya mata don me? Ta yi ta ganin abin a mafarki?"

"Bakinka ya yi tsatsa kamar layin da jirgi ya daina bi. Wata rana za ka so buɗewa, ya ƙi."

"Kai naka ba ya rufuwa."

"Shi ya sa nake da ƙiba."

Ban gaya mata ba. Washegari dai na ce mata rumbu ba ya zama a ƙasa. Ana jera duwatsu, a ɗora shi a kai, saboda gara da ɓera da danshi. Kuma ba a yi masa ƙofa a gefe, bakinsa a sama yake, sai ka hau tsani ka ɗaga jinka. Ta rubuta wa guruf. Ba a daɗe ba wani ya aiko da murya. Na Sabon Tasha ne, shi ke riƙe da dokokin duniyar, komai aka amince da shi yana rubuce a wurinsa. Ta kunna mini.

Ya ce, "A gaishe da Baba, amma tun farkon farawa mun amince cewa babu gara a duniyar nan, babu ɓera, ƙasar kuma busasshiya ce. Yana rubuce. To ƙafar ta mece ce? Mu ba tarihi muke yi ba, gaba muke kallo."

Yaron yana da ladabi, kuma bai yi ƙarya ba. Na ce mata ta danna, ni ma zan yi magana. Ban taɓa magana da mutum goma a cikin waya ba.

Na ce, "Ɗana, na ji. Kun kai kaji can?"

'Yata ta ce, "Mun kai, Baba, ga su a hoto."

"To ina suke kwana?"

Ta aika. Sai waya ta yi ta ƙara kamar kasuwar Zonkwa. Wata ta aiko da dariya kawai, ba magana. Wani ya ce Baba ya kayar da lauya. Mai dokoki ya dawo ya ce ai sai a yi musu keji, mutanen da suka ƙera jirgin zuwa taurari ba za su kasa ƙera keji ba. Na ƙasar waje ya ce shi dai bai taɓa ganin rumbu da idonsa ba, duk abin da aka yi daidai ne. A ƙarshe suka ce mai hoto ke da hotonta. In ta gyara kafin Asabar, to. In ba ta gyara ba, a amince da shi yadda yake.

Makon jarrabawa ne a makarantarsu. Laraba ta dawo da takardu cike da jaka, wuta kuma ba ta zo ba tun safe. Na tambaye ta maganar rumbu.

Ta ce, "Baba, ba abu ne na minti biyar ba. Sai na ɗaga shi, in nemo duwatsu, in toshe ƙofa, in huda sama, in sake gyara inuwa. Rana biyu ce fa, komai inuwa biyu yake da ita. Hoto ne kawai. Ba wanda zai zuba dawa a ciki."

Na ce, "To."

Ta san wannan "to" ɗin nawa. Ta dube ni, ta koma kan takardunta.

Alhamis ban je wurin citta ba. Na haƙo jar ƙasa a bayan gida, na kwaɓa da ciyawa. Na je bakin layin dogo na tsinto duwatsu bakwai. Direba ya hango ni daga baranda.

"Ɓarawo! Dutsen gwamnati ne wannan!"

"In jirgi ya zo, zan mayar."

"To ka riƙe, sun zama naka."

Na gina a gindin mangwaro, tsayinsa iya gwiwa. Hannuna bai manta ba. Rabona da gina rumbu tun wancan, na uwarta. A wurinmu mace tana da nata rumbun, ƙarami, namiji ba ya leƙawa. Ni na gina mata shi shekarar da muka yi aure, ta ce in ɗaga shi sosai don kajinta suna da yawa. Na yi gunaguni, don manyan duwatsu daga kan tudu ake ɗauko su. Na ɗauko.

Da la'asar 'yata ta dawo ta same ni ina ɗaure 'yar jinka. Ta ajiye jaka.

"Baba, wasan yara ka koma?"

"Zo ki gani. Wannan ba a saya."

Ta tsuguna. Na nuna mata. Dutse shida a kewaye, ɗaya a tsakiya, shi ke ɗauke da nauyin. Fale-falen duwatsu a kai, sannan ƙasa. Ciki an raba uku: acca, dawa, dauro. Baki a sama. Ta fito da waya tana ɗauka ta kowane gefe, har ta kwantar da kumatu a ƙasa ta leƙa ƙarƙashi.

Ta ce, "A na gaske, wannan wurin yaya tsayinsa?"

Na nuna mata da hannu, daga gwiwar hannu zuwa yatsa.

"Kaza ce kawai ke shiga ke nan."

Na ce, "Kaza. Da yarinya 'yar shekara biyu."

Ba ta ɗago nan da nan ba. Da ta ɗago, akwai jar ƙasa a kumatunta.

Na ce, "Ba kya Madakiya ran nan."

Na faɗa mata. Ban ƙara ba, ban rage ba. Bai ɗauki lokacin da ake ɗauka a tsaga mudun citta ba. Shekara ashirin ina jin tsoron maganar da ba ta fi haka tsawo ba.

Ta ce, "Goggo ta sani?"

"Ta sani."

"Papa da Mama?"

"Mama ce ta wanke ki."

Ta dubi rumbun. Ta sa yatsa a ƙarƙashi, ta fitar.

"Na yi kuka?"

"A'a. Shi ya sa kike nan."

Ta tashi ta ɗauki jakarta ta shiga ɗaki. Ban bi ta ba. Direba yana baranda, ya juya mana baya yana gyara rediyon da ba abin da ya same shi. Da yamma ta dafa pate, ta ajiye mini, ta ce, "Baba, ga abinci." Babu gishiri. Na cinye.

Juma'a ta dawo da wuri. Wuta ta zo. Ta kira ni, ta jawo mini kujera kusa da tata.

Ta ce, "Kai za ka zaɓi duwatsun."

Ban san ana sayar da dutse kala-kala haka ba. Ta yi ta turo su a gabana. Na farko sumul suke kamar sabulu. Na ce rumbu zai zame. Na biyu suna ƙyalli, wai na wata duniya ne. Na ce mutanenmu ko sun je wata duniya, baƙin dutse za su nema. Na uku an yi su ne don kabari, na ce ta wuce. Can muka sami wasu da aka yi don gefen tsauni, masu kaushi, masu faɗin kai. Ashirin ne a haɗe, ba a sayar da ɗaya-ɗaya. Ta saya. Na zaɓi bakwai.

Ta kama ƙarami a cikin rumbunan da 'yar kibiyar nan ta kwamfuta ta ɗaga shi sama, ya tsaya a iska ba abin da ke riƙe da shi. Ta jera duwatsun. Ta manta na tsakiya, na tuna mata. Ta toshe 'yar ƙofar, sai wurin ya fito da tabo, launinsa daban. Ta so ta goge, na ce ta bari, kowane rumbu yana da faci. Huda bakin sama ya ba ta wahala, sau biyu jinkar tana nutsewa cikin bango. Ta yi tsaki irin na uwarta. Ban faɗa mata ba a lokacin, sai daga baya.

Ta sauke shi a kan duwatsun.

Na ce, "Ƙara ɗagawa."

Ta ƙara wa duwatsun girma kaɗan.

"Ƙara."

"Baba, zai yi kamar zai faɗi."

"Kajin uwarki suna da yawa."

Ta ƙara. Ta kunna ranakun biyu, inuwa ta faɗi hagu da dama, amma ƙarƙashin rumbun ya yi duhu sosai, ko ɗaya a cikin ranakun ba ta kai can ba.

Ta kalli wurin. Sai ta buɗe wani wuri inda take ajiye mutanen da ta saya. Akwai wata 'yar yarinya a ciki, sanye da farar riga.

Ta ce, "In sa ta?"

Na ce, "A'a. Sa kaza."

Ta sa kaza ɗaya, rabinta a ciki, rabinta a waje. Ta nemi mace da za ta tsaya kusa da ƙaramin rumbun. Mun duba mata da yawa. Duk dogaye ne, hannuwansu ba su taɓa riƙe fartanya ba. Ba mu da hoton uwarta ko ɗaya, duk sun ƙone. Ta tambaye ni kamanninta, na ce gajeriya ce, tana da wushirya, tana tafiya da sauri. Ta ce ba a sayar da wannan. Muka bar wurin ba kowa.

Asabar suka amince. Mai dokoki ya aiko da murya, ya ce ya rubuta: duk rumbun da ke waccan duniyar yana tsaye a kan ƙafa bakwai, bakinsa a sama, saboda kaji. Ya ce a gaya wa Baba ya yi nasara, amma maganar gara tana nan yadda take, babu ita. Na ce ya riƙe gararsa. 'Yata ba ta gaya musu sauran ba. Ta ce wannan namu ne.

Bayan wata biyu ta nuna mini wani hoto. Na ƙasar wajen nan ne ya rubuta labarin wani gari can ƙarshen duniyar, na wasu mutane da ba namu ba, masu gidajen ƙarfe. Su ma sai da aka ɗora rumbunansu a kan duwatsu, don doka ce. Rumbun ƙarfe mai ƙyalli, a kan baƙin dutse bakwai. Direba ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce, "Ɗan Citta, kai da ba ka taɓa hawa jirgin sama ba, ka zama injiniya a taurari."

Ɗan rumbun da na gina a gindin mangwaro, ruwan farko ya narkar da shi. Duwatsun suna nan, ban mayar ba.

Ba ta sake tambayata game da ranar ba sai sau ɗaya. Muna dawowa daga sujada ta ce, "Baba, wuta tana cin dutse?" Na ce ba ta ci. Ta ce to duwatsun suna can ke nan. Na ce mai yiwuwa, in ciyawa ba ta rufe su ba. Ta ce in an gama haƙar citta, in kai ta ta gani. Ban taɓa komawa ba tun ranar da na ɗauko ta. Na ce to.

Ina nan Kafanchan, a ɗakin baya na gidan Direba, ina tsaga citta. Ta buga mini hoton garinmu a takarda, yana manne a bango saman gadona. Ganyen cittar bana ya fara bushewa, saura kaɗan a haƙa.